Sharhi: Kokawar magoya baya da masu kuɗi a kan ƙwallon ƙafar Jamus

A ranar 21 ga Fabrairun 2024, hukumar DFL, wadda ke gudanar da gasar Bundesliga da rukuni na biyu da ke ƙarƙashinta, ta sanar da cewa ta fasa wata yarjejeniya da za ta kawo wa ƙwallon ƙafar Jamus kimanin Yuro biliyan ɗaya. Babu kotun da ta hana cinikin, gwamnati kuma ba ta tsoma baki ba. 'Yan kallo ne suka kashe shi. Sun shafe makonni suna jifan filayen wasa da ƙwallayen tenis da alewar cakulan mai siffar kwabo, a wasu wuraren har suna sako 'yan motocin wasan yara masu tafiya da rimot. Alƙalan wasa suka yi ta tsayar da wasanni ana tsince-tsince. Karawar Hertha Berlin da Hamburg ta tsaya sama da rabin sa'a. Daga ƙarshe shugabannin gasar suka amince cewa ba za a iya ci gaba a haka ba.

Wanda ke bibiyar ƙwallon Jamus ta sakamakon wasanni kaɗai zai ɗauka cewa labarinta guda ne, wato Bayern Munich ta ɗauki kofi, saura su biyo baya. Amma akwai wata gasa da ake yi a ɗakunan taro da ofisoshin hukuma da kotuna, kuma ita ce ke yanke yadda ta cikin fili za ta kasance. Tambayar da ake jayayya a kanta ita ce: wa ke da ikon faɗa a ji a ƙungiya, mambobinta ko wanda ya zuba kuɗi?

Dokar 50+1

Kafin 1998, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a Jamus ƙungiyoyin jama'a ne, ba kamfanonin neman riba ba. Mutum ya biya kuɗin rajista, ya zama mamba, ya halarci babban taro, ya zaɓi shugabanni. A waccan shekarar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, DFB, ta ba su damar ware sashen ƙwararrun 'yan wasa su mayar da shi kamfani domin samun jari. Sai dai ta gindaya sharaɗi: dole uwar ƙungiya ta riƙe kashi 50 cikin 100 na ƙuri'un kamfanin da ƙarin ƙuri'a ɗaya. Daga nan sunan dokar ya samo asali. Attajiri na iya zuba duk abin da ya ga dama, amma ba zai zama mai gida ba.

Bayern Munich misali ce. Uwar ƙungiyar, wadda mambobinta suka haura 400,000, ita ke da kashi 75 cikin 100 na kamfanin. Adidas da Audi da Allianz suka raba ragowar kashi 25 daidai wa daida. Borussia Dortmund ta shiga kasuwar hannun jari tun a shekarar 2000, kowa na iya sayen hannun jarinta, amma kamfanin da ke tafiyar da harkokinta mallakin uwar ƙungiya ne ɗungurungum.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake a filayen wasa. Jamus ba ta soke wuraren tsayuwa ba kamar yadda Ingila ta yi bayan iftila'in Hillsborough na 1989. Filin Dortmund na ɗaukar mutum 81,365, kusan 25,000 daga cikinsu a tsaye a bangaren kudu da ake yi wa laƙabi da Katangar Ruwan Ɗorawa. A filaye da dama tikitin tsayuwa bai kai Yuro 20 ba, kuma sau da yawa tikitin kan haɗa da kuɗin jirgin ƙasa ko bas na cikin gari. Matsakaicin 'yan kallo a wasan Bundesliga ya kusa 40,000. A rukuni na biyu ma yana kaiwa kimanin 30,000, inda Schalke ta riƙa tara sama da 60,000 a gida duk da faɗuwarta daga babbar gasa a 2023.

Ikon bai tsaya ga farashin tikiti ba. Da aka shigo da wasannin daren Litinin a kakar 2017/18 domin biyan buƙatar gidajen talabijin, magoya baya suka ce ma'aikaci ba zai iya bin ƙungiyarsa zuwa wani gari a ranar aiki ba. Suka yi ta bore har aka soke wasannin daga kakar 2021/22. A Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyi 12 na Ingila da Sifaniya da Italiya suka yi yunƙurin kafa gasar Super League, Bayern da Dortmund ba su shiga ba. A Nuwamban wannan shekarar, babban taron Bayern ya watse cikin ihu da hayaniya saboda tallar kamfanin jiragen sama na Qatar Airways da ke hannun rigar 'yan wasa, inda mambobi ke nuna damuwa kan haƙƙin ma'aikata a Qatar. Da wa'adin kwantiragin ya cika a 2023, ba a sabunta shi ba.

Yadda cinikin biliyan ɗaya ya rushe

Shugabannin DFL suna da hujjarsu. Sun ce gasar na buƙatar jari domin gina dandalin nuna wasanni ta intanet da tallata kanta a ƙasashen waje. Tsarin shi ne a sayar wa wani kamfanin zuba jari abin da bai wuce kashi 8 cikin 100 na kuɗin haƙƙin watsa wasanni ba na tsawon shekara 20. Yunƙurin farko ya faɗi a Mayun 2023, domin ƙungiyoyi 20 ne kawai daga cikin 36 suka amince, alhali ana buƙatar kashi biyu bisa uku. A ranar 11 ga Disamban 2023 aka sake kaɗa ƙuri'a a asirce. Ƙungiyoyi 24 suka amince, 10 suka ƙi, biyu suka ƙaurace. Ashirin da huɗu ne daidai adadin da ake nema, ba ragi ba ƙari.

A nan gizo ke saƙar. Uwar ƙungiyar Hannover 96 ta umarci wakilinta, ɗan kasuwa Martin Kind, wanda ya daɗe yana adawa da dokar 50+1, da ya jefa ƙuri'ar ƙin amincewa. Da ƙungiyoyin da suka ƙi suka fito suka bayyana kansu, lissafi ya nuna alamar cewa Kind ya saɓa umarnin. Shi kuwa ya ƙi faɗin yadda ya kaɗa ƙuri'arsa. Ga magoya baya, wannan na nufin ƙuri'a ɗaya da ta tsallakar da cinikin ta fito ne daga mutumin da ya take muradin mambobinsa. Zanga-zangar ta ƙara zafi, kamfanin Blackstone na Amurka ya janye, aka bar CVC shi kaɗai, sannan Hans-Joachim Watzke, wanda ke jagorantar Dortmund kuma yake shugabantar kwamitin sa ido na DFL, ya sanar da rufe maganar.

Abin da tsarin ke ci

Kowace nasara da kuɗinta. A Disamban 2024 DFL ta sayar da haƙƙin nuna wasanni a cikin gida na kaka huɗu, daga 2025 zuwa 2029, a kan Yuro biliyan 1.121 a kowace kaka, inda Sky da DAZN suka ɗauki kaso mafi tsoka. Gasar Firimiya ta Ingila ta sayar da nata na wannan tsakanin a kan fam biliyan 6.7. Giɓin ya fi faɗi a ƙetare. Abin da Bundesliga ke samu daga ƙasashen waje bai kai Yuro miliyan 300 a shekara ba, ita kuwa Firimiya na karɓar sama da fam biliyan ɗaya da rabi.

Ana ganin sakamakon a kasuwar 'yan wasa. A bazarar 2025 kaɗai, Florian Wirtz ya bar Leverkusen zuwa Liverpool a kan fam miliyan 100 da ka iya kaiwa 116. Hugo Ekitike ya bar Frankfurt zuwa Liverpool, Benjamin Sesko ya bar Leipzig zuwa Manchester United, Xavi Simons ya tafi Tottenham, Nick Woltemade kuma ya bar Stuttgart zuwa Newcastle. Bayern ta nemi Wirtz, ta nemi Woltemade, duka biyun Ingila ta ƙwace. Kafin su, Dortmund ta sayar da Jadon Sancho da Erling Haaland da Jude Bellingham a shekara uku a jere. Gasar ta zama gonar da ake renon shuka, wasu su zo su girbe.

Ga 'yan wasan Najeriya, wannan hali ya kasance ƙofa. Ƙungiyar da ta san za ta sayar dole ta nemo matashi mai rahusa ta ba shi fili. Tun Jay-Jay Okocha, wanda ya yi suna a Eintracht Frankfurt kuma ya wana mai tsaron raga Oliver Kahn da 'yan bayan Karlsruhe kafin ya zura ƙwallo a 1993, hanyar ke buɗe. Taiwo Awoniyi ya shafe shekaru Liverpool na ba da shi aro saboda rashin takardar izinin aiki a Ingila. Union Berlin ta saye shi a 2021, ya ci ƙwallo 15 a gasar, Nottingham Forest ta ɗauke shi a shekara mai zuwa. Ba kowa ke dacewa ba. Victor Osimhen ya je Wolfsburg a 2017, ya bar ta ba tare da ya ci ƙwallo ko ɗaya ba, sai a Beljiyam tauraronsa ya fara haske.

Babban ƙorafin masu sukar dokar shi ne ta daskarar da gasar. Bayern ta lashe kofi sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023. Duk ƙungiyar da ta ɗago kai, sai Bayern ta zare mata fiffike: Mario Götze da Robert Lewandowski da Mats Hummels daga Dortmund, Dayot Upamecano da koci Julian Nagelsmann daga Leipzig, Jonathan Tah daga Leverkusen. Masu sukar na cewa tun da babu attajirin da zai zuba maƙudan kuɗi a inda ba shi da iko, babu ƙungiyar da za ta iya yin tsalle irin na Chelsea ko Manchester City, don haka wanda ya riga ya yi gaba ya yi gaba.

Masu kare dokar kuma na nuni da abin da ya faru a inda kuɗin waje ya shigo. Lars Windhorst ya zuba kimanin Yuro miliyan 374 a Hertha Berlin daga 2019, amma ƙungiyar ta faɗi zuwa rukuni na biyu a 2023. 1860 Munich ta karɓi jarin ɗan kasuwar Jordan, Hasan Ismaik, a 2011, ta tsinci kanta a rukuni na huɗu a 2017. Hamburg, duk da tallafin hamshaƙin attajiri Klaus-Michael Kühne, ta faɗi karon farko a tarihinta a 2018, ba ta dawo ba sai 2025. A gefe guda, Union Berlin, wadda magoya bayanta suka gyara mata fili da hannunsu tsakanin 2008 da 2009, ta kai gasar Zakarun Turai a 2023. A ganinsu, abin da ya ɗaukaka Bayern shi ne kuɗin gasar Zakarun Turai da take samu kowace shekara da kyakkyawan shugabanci na tsawon shekaru, kuma soke dokar ba zai taɓa ko ɗaya daga ciki ba.

Waɗanda aka keɓe

Wani lissafi guda na damun masu kare dokar. Daga 2008 zuwa 2025, ƙungiyoyi biyu ne kawai ban da Bayern da Dortmund suka lashe Bundesliga: Wolfsburg a 2009 da Bayer Leverkusen a 2024. Dukkansu biyun dokar 50+1 ba ta hau kansu ba. Wolfsburg ta kamfanin motoci na Volkswagen ce. Leverkusen ta kamfanin magunguna na Bayer ce, ma'aikatansa ne suka kafa ta a 1904. An keɓe su ne bisa ƙa'idar cewa wanda ya tallafa wa ƙungiya sosai sama da shekara 20 ba yankewa zai iya riƙe rinjaye. Hoffenheim ma ta sami irin wannan keɓewa a 2015 saboda Dietmar Hopp, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin manhaja na SAP, amma ya mayar wa uwar ƙungiya rinjayenta a 2023.

Babu mai raina abin da Leverkusen ta yi a fili. A ƙarƙashin Xabi Alonso ta buga wasa 34, ta ci 28, ta yi canjaras shida, ta zama ta farko da ta kammala kakar Bundesliga ba a doke ta ba. Victor Boniface, wanda ta saya daga Union Saint-Gilloise ta Beljiyam, ya ci ƙwallo 14 duk da jinyar da ta hana shi wasa watanni, kuma shi ya buɗe ragar Werder Bremen da bugun fanareti a ranar 14 ga Afrilun 2024, ranar da aka tabbatar da kofin da ci 5-0. Nathan Tella ma yana cikin tawagar. Wasa 51 ƙungiyar ta yi a jere ba a ci ta ba, har zuwa wasan ƙarshe na gasar Europa a Dublin, inda Ademola Lookman, tsohon ɗan wasan Leipzig, ya zura mata uku rigis a rigar Atalanta. Shekara guda bayan nan Bayern ta karɓe kofinta a ƙarƙashin Vincent Kompany, Alonso ya tafi Real Madrid, tawagar Leverkusen ta watse.

Sai dai abokan hamayya na cewa ƙungiyar da ke da katafaren kamfani a bayanta, wanda zai iya cike mata giɓi idan shekara ta yi muni, ba daidai take da Freiburg ko Mainz ba. Ƙorafin ya fi tsanani a kan RB Leipzig. Kamfanin Red Bull ya kafa ta a 2009 bayan ya sayi gurbin wata ƙaramar ƙungiya mai suna SSV Markranstädt a rukuni na biyar. Ta kai Bundesliga a 2016, ta lashe kofin DFB a 2022 da 2023. A takarda tana bin dokar, domin uwar ƙungiya ce ke da rinjaye. A zahiri mambobin da ke da ƙuri'a ba su wuce 'yan ashirin da wani abu ba, kuma akasarinsu na da alaƙa da kamfanin. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi na kallon wannan a matsayin bi ta bayan gida.

Hannun hukuma

Wannan rashin daidaito ne ya kai maganar gaban Bundeskartellamt, hukumar hana babakere a kasuwanci ta Jamus. Tun a 2021 ta ce dokar kanta ba ta saɓa wa ƙa'idojin gasar kasuwanci ba, tun da manufarta ita ce bai wa jama'a murya, amma keɓe wasu na raunana hujjar. A Yunin 2025, bayan ta yi la'akari da hukuncin Kotun Tarayyar Turai na Disamban 2023 kan Super League, ta fitar da sabon nazari na wucin gadi mai buƙatu uku. Dole kowace ƙungiya ta buɗe wa magoya baya ƙofar zama mambobi masu ƙuri'a, wanda ya shafi Leipzig kai tsaye. Dole DFL ta tabbatar wakilan ƙungiyoyi na bin umarnin uwayen ƙungiyoyinsu idan ana kaɗa ƙuri'a, wanda ya shafi abin da ya faru da Hannover. Sannan keɓewar Leverkusen da Wolfsburg ba za ta dawwama har abada ba. Ƙungiyoyin biyu sun yi watsi da nazarin, suka ce ba su cire yiwuwar zuwa kotu ba.

Hukumar ta sa DFL a tsaka mai wuya. Idan ta matsa wa Bayer da Volkswagen, tana iya fuskantar shari'ar da babu wanda zai iya cewa ga inda za ta ƙare, kuma a irin wannan shari'a dokar gaba ɗayanta ce za a ɗora a mizani. Idan ta yi shiru, ta bar wa duk wani mai jari da ke jin an tauye shi hujjar cewa ana yi wa wasu doka, ana yi wa wasu alfarma.

Akwai wani matsin daga wani ɓangaren. A ranar 14 ga Janairun 2025, Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta yanke hukunci cewa jihar Bremen na da hurumin cajin DFL ƙarin kuɗin 'yan sanda a wasannin da ake fargabar rikici. Takaddamar ta faro ne daga takardar biyan kuɗi ta kimanin Yuro 425,000 kan wasan Werder Bremen da Hamburg na 2015. Hukuncin ya buɗe wa sauran jihohi hanya idan sun so su bi sahu. Ya kuma tuna wa kowa cewa ƙarfin 'yan kallo na da nasa duhun. Ana cin ƙungiyoyi tara akai-akai saboda kunna wuta mai hayaƙi a cikin taro. A Fabrairun 2020, wasu magoya bayan Bayern sun ɗaga kyallayen zagin Dietmar Hopp a filin Hoffenheim, har 'yan wasan ɓangarorin biyu suka ƙarasa mintunan ƙarshe suna miƙa wa juna ƙwallo domin nuna rashin amincewa.

Ikon mambobi ma yana da iyaka. A Mayun 2024, kwanaki kaɗan kafin wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai da Real Madrid ta ci 2-0, Dortmund ta ƙulla yarjejeniyar talla ta shekara uku da kamfanin ƙera makamai na Rheinmetall. A babban taron Nuwamba, mafi yawan mambobin da suka halarta suka nemi a kawo ƙarshenta da wuri. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin tilastawa, kwantiragin ya ci gaba. Mamba na iya sauke shugaba a ranar zaɓe, amma ba shi ke sa hannu a takardun ciniki ba.

Jamus ta zaɓi hanyar da babu wata babbar gasa a Turai da ta bi, kuma ta san abin da take biya. Tana asarar taurarinta kusan kowace bazara, ta kuma haƙura da cewa Bayern ce za ta riƙa ɗaukar kofi a mafi yawan shekaru. A madadin haka, filayenta cike suke, tikiti bai fi ƙarfin ma'aikaci ba, kuma babu wanda zai wayi gari ya ji an sayar da ƙungiyar kakanninsa ba da saninsa ba. Abin da ya faru a Fabrairun 2024 ya nuna cewa magoya baya sun yarda da wannan musaya, kuma a shirye suke su tsayar da wasa domin kare ta. Barazanar da ta rage wa dokar 50+1 a cikin gida take, wato ko za a iya ɗora ta a kan kowa daidai. Yadda aka warware batun Leverkusen da Wolfsburg da Leipzig shi zai nuna ko ƙuri'ar mamba za ta ci gaba da yin nauyi a shekaru masu zuwa.